Ka Bar wa Baffanka Wayarsa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗana Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe takardar nan cikin ƙoshin lafiya. Ya tsare fitarka da shigarka, Ya sa ƙafar da ka ɗaga daga gidan nan ta sauka a kan alheri.

Na san za ka ce daga Nuzla zuwa Mahjar, duk a cikin garin Jidda, ai ba tafiya ba ce da har za a rubuta wa mutum wasiƙa. To, barin gida barin gida ne, ko da katanga ce kawai a tsakani. Kuma na san halinka. In na zaunar da kai, ban kai tsakiyar magana ba za ka fara, "Halas, ya Ummi, na gane," idonka na kan waya. Shi ya sa na rubuta, na cusa a jakarka tsakanin riguna. Da gangan kuma na yi ta da Hausa. Da Larabci ce da ka haɗiye ta kamar ruwa. Hausa kuwa sai ka bi ta a hankali, yadda na koya maka kana ƙarami kana kuka, kuma a hankalin nake so ka bi ta.

Na faɗa maka Baffanka Sale ya zo neman ka, amma ban faɗa maka yadda aka yi ba. Bayan la'asar ne na ji ana laluben ƙofa. Mai tasi ya kawo shi har bakin bene, sauran ya hawo da kansa, yana bin bango da hannu. Yayan mahaifinka, mutumin da bai taɓa taka gidan nan ba sai da dalilin rasuwa.

Ya ce, "Malama, kina ciki?"

Tun ranar da ya ji cewa amaryar da ƙanensa ya ɗauko daga Zariya ta yi sakandare yake kirana Malama, kuma ba don girmamawa ba. Na shimfiɗa masa darduma, na kawo shayi. Sai da ya sha rabi sannan ya yi magana.

"Ciwon sukari ya cinye idon. Takardun shago ba na ganinsu, saƙon banki ba na gani. Ɗana Fahad yana Dammam, kuma duk kiran da zai yi maganarsa ɗaya ce, a sayar da shagon tsiren in zauna a gida. Ni kuwa ban mutu ba. Ina so ki ba ni Sani, ya zauna a ɗakin saman shago, in yi masa wakala ya riƙe mini harkokina."

Na ce, "Yaya, ɗan 'yar Zariya? Ba ka tsoron mu cinye ka da ranka?"

Ya yi 'yar dariya. "Har yau kina riƙe da maganar nan?"

Na ce, "Ajiya ka ba ni, Yaya. Yau mai ita ya zo, na mayar masa."

Ba zan ɓoye maka ba, a ranar na yi sujadar godiya bayan ya tafi. Mahaƙurci mawadaci. Amma don ka san nauyin abin da aka ɗora maka, sai ka san inda maganar ta samo asali. Kana gidan aka yi komai, sai dai ido kawai ne da kai a lokacin, hankalinka na wajen ƙwallo.

Shekarar da aka rushe unguwar Karantina, kakarka Inna Hajjo ta dawo wurinmu. Gidanta yana da takarda, saboda haka akwai diyya, akwai banki, akwai zirga-zirgar ofisoshi, ita kuwa ƙafa ta ƙi. Sai ta ce ni za ta yi wa wakala, ba 'ya'yan cikinta ba. Baffanka ya tashi a gaban mutane ya ce, "Mijinta ya riga uwarsa tafiya, 'ya'yanta ba su da gado a nan. Ai za ta ci rabonta tun tsohuwa na da rai." Na haɗiye. Na rantse a raina sai na nuna masa. Rantsuwar nan ta sa na yi abin kirki, ita kuma ta sa na yi kurakuran da zan zayyana maka, domin wanda ya shiga amana don ya nuna wa wani, idonsa na kan wanin, ba ya kan mai amanar.

Na fara da gado. Ka tuna karawitar Inna, doguwar kujerar katakon nan mai tsayi da take kwana a kai tun tana amarya? Ita ce abu na farko da ta sa aka fitar kafin motocin rusau su iso. Ni kuwa da kuɗi suka shigo hannuna, sai na ga ai tsohuwa mai ciwon baya ba ta dace da katako ba. Na sayo gado irin na asibiti, mai ɗagawa da saukewa, na ba masu tsofaffin kaya karawitar lokacin Inna tana wurin likita. Ina jiran yabo. Ta dawo ta dubi gadon, ta dube ni.

"Da kuɗin wa kika saya?"

"Da naki, Inna."

"To, da kuɗina kika kore ni daga makwancina."

Ta shimfiɗa tabarma a ƙasa, a nan ta riƙa kwana. Na zaga kasuwar tsofaffin kaya har ƙafata ta kumbura, ban samu karawitar ba. Sai kafinta na sa ya yi wata, ta karɓa don kunya, amma har ta rasu tana ce mata baƙuwa.

Ka ji wannan da kyau. Wakili hannu ne, ba kai ba ne. Takardar da za a ba ka ta ce kana iya sa hannu a madadin Baffanka, ba ta ce ka riƙa so da ƙi a madadinsa ba. Na san ka. Za ka shiga shagon nan ka ga bango ya yi baƙi da hayaƙi, ranka ya raya maka gilashi da fitilu da hotuna a waya. Za ka ga tsofaffin abokansa na Karantina suna zuwa daren Juma'a su zauna a benci su ci tsire ba su biya ba, ka ce asara ce. Asararsa ce, yana da ikon yin ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka ba da shawara sau ɗaya, da ladabi, kana zaune ƙasa da shi. In ya ce a'a, magana ta ƙare. Idonsa ne ya tafi, hankalinsa yana nan, kuma ya fi naka.

Kafin ka taɓa komai, ka zauna da shi ka karanta masa takardar wakalar daga farko har ƙarshe, da ƙarfi, ya ji abin da ya ba ka da abin da bai ba ka ba. Abin da ba a rubuta ba, ba naka ba ne, ko da ka ga ƙofar a buɗe. Daga nan ka duba iƙamar ma'aikatansa, wato takardar izinin zamansu, kafin ka duba riba. Shi ne kafilinsu, zamansu a ƙasar nan yana rataye da sa hannun da yanzu ya dawo hannunka. Suna da iyali a gida da ke jiran aike. In ka yi sakaci takardarsu ta mutu, ba Baffanka kaɗai ka cuta ba.

Kuskurena na biyu ƙarami ne, amma ya yi mini tsada. Wata safiya na je kasuwar kifi, na gama ciniki na ga na bar katina a gida, na Inna ne a jaka. Na ce ai yanzu zan koma in mayar. Na biya da shi, kuma kafin magariba na mayar. Ashe matar Baffanka, Allah Ya jiƙanta, tana bayana, kuma ta san launin katin. Kafin kifin ya dahu labari ya kai Mahjar cewa da kuɗin tsohuwa nake ciyar da marayuna. Na je na faɗa wa Inna da bakina.

Ta ce, "Kifin ya yi daɗi?"

Na ce, "Ai ke ma kin ci, Inna."

Ta ce, "To, ni na yafe nawa. Na bakin mutane kuma sai ki nemi mai yafe miki."

Saboda haka aljihunka biyu ne daga yau, kuma ba sa gaisawa. Ko ruwan sha za ka saya wa kanka, kada ya fito daga nasa, ko da niyyar mayarwa. Shaiɗan ba ya ce wa mutumin kirki ya yi sata, ce masa yake yi ya ara. Duk abin da ka kashe masa, ka karɓi rasit. In an sauko daga Juma'a ka karanta masa abin da ya shiga da abin da ya fita, sannan ka aika wa Fahad tun bai tambaya ba. Fahad zai zo, kuma zai zo da fuskar da ubansa ya zo mini da ita. Kada ka yi fushi. Haƙƙinsa ne ya tambaya, ubansa ne. Ka tare shi da shayi da takardu.

Yanzu ga wanda ya sa na ɗauki alƙalami.

Wata rana ina kicin na ji Inna tana ƙwala mini kira. Na tarar tana waya da wani mai daddaɗan Larabci, yana ce mata uwata, uwata, wai daga banki yake, ta karanta masa lambar da ta shigo wayarta yanzu. Abin da ya cece mu shi ne ba ta ga inda ta ajiye tabarau ba, shi ne ta kira ni in karanta masa. Na karɓi wayar na kashe. Na tuna maganar Baffanka, na ga yadda za a ce ni na haɗa baki. Nan take na ce, "Inna, wayar nan za ta zauna a wurina, don tsaro." Na rufe mata murya, na jefa a jaka. Kuma in faɗi gaskiya, abin ya yi mini daɗi, domin duk lambar da banki ko ofis zai turo, ga ta a jakata, ba sai na koma gida ba.

Ta tambaye ni wayar sau ɗaya, ta sake tambaya, daga nan ta bari.

Abin da ban yi tunani ba shi ne wannan. Mu Hausawa muna cewa zumunta a ƙafa take. A Karantina haka ne, Inna tana leƙa taga ta gaisa da gida uku. Amma da aka rushe, ƙafa ba ta da inda za ta. Wasu sun faɗa Mahjar, wasu Makka, wasu Madina, wasu sun koma Kano da Yamai, garuruwan da ba su taɓa gani ba. Unguwar gaba ɗaya ta tattara ta koma cikin 'yar wayar nan. Ita na ɗauka na jefa a jaka, tare da makulli da goro.

Inna ta fara ramewa. Ta daina tsokanar ku, ta daina faɗan gishiri a miya. Ni da wayona na kai ta asibiti, na sayo magungunan ƙarin ƙarfi da kuɗinta, ina yabon kaina da kula. Ana haka wata tsohuwar maƙwabciya ta zo gaisuwa, ta zauna, ta ce, "Hajjo, ba mu gan ki wajen Mairo ba. Kowa sai tambaya yake."

Iya Mairo ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Bayan rusau ta koma Makka wurin 'yarta. Akwai alkawari a tsakaninsu wanda duk matan unguwa suka sani: wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta yi mata wanka. Ta yi jinya, ta rasu, an binne ta, muna nan muna shan maganin ƙarin ƙarfi.

Na buɗe jaka na ciro wayar. Kira ne a jere har ban iya kai ƙarshensu ba. Akwai saƙon murya, na kunna don Inna ta ce in kunna. Muryar Iya Mairo ce, ta shaƙe, amma tana wasa kamar kullum: "Hajjo, ke da kika ce za ki wanke ni, ina kika ɓuya? Yalla, ki zo, ruwan yana hucewa."

Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta juyo ta ce, "'Yar Zariya, kuɗin suna nan?"

Na ce, "Suna nan, Inna, ba abin da ya taɓa su."

Ta ce, "Madalla. In tawa ta zo, sai ki kira su su wanke ni."

Na sha magana a rayuwata, amma ba wadda ta shige ni kamar wannan. Sai dai ni ba mai zama ina kuka a kan abin da ya zube ba ce, kuma ba na so ka zama haka. Na durƙusa na nemi gafara, na sa wayar a tafin hannunta. Washegari na ɗauki mota na kai ta Makka ta yi ta'aziyya. Na ɗinka wa wayar 'yar jaka mai igiya ta rataya a wuya. Muka yi ƙa'ida: duk muryar da ba ta sani ba, in ta ambaci banki ko lamba, amsarta ɗaya ce, "Bari in kira 'yata." Ta ji daɗin ƙa'idar har ta riƙa ja wa 'yan damfara rai, tana tambayarsu lafiyar iyayensu kafin ta kashe. Lambar ofis kuwa, in ina waje sai in kira ta, ta nemo tabarau, ta karanto mini a hankali, wani lokaci lambar ta mutu kafin ta gama, a sake. Na sha ranar Jidda a bakin ofisoshi saboda haka. Ban sake gunaguni ba.

Kai ma ka ga abin da ya biyo baya, ko da ba ka san dalili ba. Tsohuwar da ta kusa zama gawa ta miƙe. Wayarta ta zama mahaɗar Karantina. Wanda ya rasa inda maƙwabcinsa ya faɗa, Inna zai kira. Haihuwa, aure, jinya, ta bakinta ake ji. Gidan nan ya cika da baƙi har kuna ƙorafin ba wurin zama. Ta koma faɗan gishiri a miya, ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba.

Ranar da Allah Ya karɓi abinSa, bayan sallar asuba, Baffanka ya zo ya ce, "Malama, ciro daga na Inna a sayi raguna da shinkafa, a kafa kujerun zaman makoki." Na ce masa wakala ta bi mai ita. Daga lokacin da numfashi ya tsaya, dukiyar ta magada ce, ni kuma ba na cikinsu. Na ɗauko katin da takardun gida da duk rasit ɗin da na tara, na ajiye a gabansa, liman yana zaune. Ya ce, "Yau kuma tsoron Allah ya motsa?" Na cire awarwarona na aika aka sayar, aka ɗora tukunyar farko. Sannan na ɗauki wayar Inna, na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Sani, ka ga layinmu a kwanakin nan. Daga Makka, daga Madina, daga unguwannin da ban san sunansu ba. Masu wanka har sai da aka zaɓa, 'yar Iya Mairo ce ta shige gaba. Tukwane suka yi ta shigowa har aka rasa inda za a ajiye. Mutanen da ba su ga juna ba tun rusau suka rungume juna a ƙofar gidan nan. Karantina ta tashi tsaye a kan titin Nuzla, kuma ni 'yar Zariya ce na kira ta. Da aka zo rabon gado aka duba komai, ba a samu inda ya yi giɓi ba. Baffanka bai ce in yi haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Amma daga makon nan ƙunshin tsire ya fara zuwa gidan nan duk daren Juma'a. Kun yi ta ci ba ku san ban-haƙuri kuke ci ba. Ni na sani, na karɓa, na ci da yaji.

Ka riƙe wannan ma: wakala tana tafiya ne da rai da hankalin mai ita. In ka ga, Allah Ya kiyaye, hankalin Baffanka ya fara gushewa, kada ka ci gaba da sa hannu a ɓoye kana cewa ai ka san abin da zai so. Ka kira Fahad da 'yan'uwansa mata, ku je gaban alƙali, shi zai ce wa zai riƙe. In kuma ta Allah ta kasance, ka sauke hannunka a take, ko da ana yi maka tsawa.

Kada kuma ka shiga gidansa da ƙirji a buɗe, wai an zo an roƙe mu. Wannan murnar tawa ce, ni na biya kuɗinta, kai ba ka biya komai ba tukuna. Zai yi maka faɗa, zai ce yajinka bai yi ba, zai kira ka da sunan ubanka in ya manta. Ka amsa.

Saura abu ɗaya da ban faɗa maka ba game da zuwansa. Da ya miƙe zai tafi, na ga ya dafa aljihun ƙirjinsa, ya tsaya. Murya ta yi ƙasa, har sai da na matso.

"Malama, Fahad ya ce in an yi wakala, dole layina ya koma hannun wakili, wai ya fi tsaro. Ni kuwa wayar nan ita ce idona yanzu. Da ita nake sanin wa ya kwana, wa bai kwana ba." Ya sake dafa aljihun. "Za a bar mini ita?"

Mutumin da ya tsaya a gaban jama'a ya ce zan ci uwarsa da rai, shi ne a tsaye a ɗakina yana tambayata wannan. Na ce, "Yaya, ɗana ne. Ba zai taɓa ta ba sai ka miƙa masa."

Ya ce, "Kin tambaye shi?"

Na ce, "Ba sai na tambaye shi ba."

Saboda haka ga yadda za a yi. In lamba ta shigo, ko kana ƙarshen gari, ka dawo wurinsa. Ka yi sallama, ka faɗa masa ta mece ce. Shi zai ciro wayar da hannunsa ya ba ka. Ka karanta, ka gama, ka mayar da ita cikin tafin hannunsa, ba kan tebur ba, inda zai yi ta lalube. Zai ci maka lokaci, wata rana lambar za ta mutu a sake. Ka sake. Na riga na ba da amsa da sunanka, Sani. Ban taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ba lokacin da yake maƙiyina, kada ka sa in fara yanzu da ya zo da kansa.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka daga sharrin ido da na baki da na zuciyarka. Ya tsare hannunka daga abin da ba naka ba, Ya kai ka lafiya, Ya kwanar da kai lafiya a ɗakin da ba ka saba ba. Allah Ya jiƙan mahaifinka da Inna Hajjo da Iya Mairo, Ya ba Baffanka sauƙi. In ka isa ka kira ni, da taka wayar.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka.